Shekarar da Na Janye Takardar Batir

'Ya'yana, wannan shi ne babin da na fi jan ƙafa kafin in rubuta. Kun taso kuna jin cewa wata ɗaliba ce ta kai ƙarata, shi ya sa na yi ritaya ban zama farfesa ba. Na taɓa jin ɗan'uwanku Bashir yana gaya wa abokansa haka a ƙofar gida, na wuce ban ce komai ba, domin shirun ya fi mini sauƙi. To ba haka aka yi ba. Malama Rabi ba ta kai ƙarata wurin kowa ba. Zan faɗi yadda abin ya faru daga farko, kuma mahaifiyarku tana nan da ranta, inda kuka ga na kauce ku tambaye ta.

Sai na fara da aikin kansa, tunda ban taɓa zaunar da ku na yi muku bayaninsa ba. Batirin da ke cikin wayoyinku da wani sinadari ake yinsa mai suna litiyam. Yana da tsada, kuma ba ko'ina ake samunsa ba. Yana da ɗan'uwa, fotasiyam, wanda shi kuma ko'ina akwai shi. Shi ne a cikin tokar karan gero da kakarku Inna take tacewa a Ringim ta zuba a miya. Da za a iya yin batir mai kyau da shi, da ajiye wutar sola ya yi sauƙi ga talaka. Matsalarsa girma. Idan ana cajin batir, ƙwayoyin sinadarin suna tashi daga gefe ɗaya su shige ɗaya gefen, wanda muke kira anod, su zauna a ciki har sai an buƙaci wuta sannan su fito. Ƙwayar fotasiyam ƙatuwa ce, duk shigarta da fitarta sai ta kumbura masaukin nata, a hankali ya tsattsage, batir ya mutu. Aikina shi ne ƙera masaukin da zai jure. Ana samun ƙwayoyin ƙarfe a haɗa su da wasu dogayen sinadarai masu kamawa ta kai biyu, wannan ya riƙe wancan, wancan ya riƙe na gaba, har su zama kamar ragar kamun kifi, da ramuka a tsakani. Mu a sana'armu, polima muke ce masa. Kai za ka zaɓi ƙarfen, kai za ka zaɓi tsawon mahaɗin, da haka kake tsara faɗin ramukan. In ka gama, abin da ido zai gani gari ne kawai a gindin kwalba. Nawa launinsa kamar garin citta.

Shekara shida na yi ina sauya ƙarfe ina sauya mahaɗi a ɗakin gwaje-gwajenmu na jami'a a Dutse. Garin nake iya yi, amma ba ni da halin gwada shi, saboda fotasiyam ba ya shiri da iska ko ruwa, yana taɓa su sai ya kama da wuta. Dole sai a cikin wani akwatin gilashi rufaffe ake harhaɗa batirin, akwatin da aka cika da wata iska ta musamman, mutum ya zura hannayensa ta dogayen safar roba da ke manne a jikinsa. Mu ba mu da shi a lokacin. Sai Allah ya haɗa ni da wani farfesa a ƙasar waje, muka yi ta musayar wasiƙu, har ya gayyace ni wata uku in zo da garina in gwada a wurinsa. Na tafi ina da shekara hamsin da ɗoriya, na zauna cikin ɗaliban da na haife su, ina koyon zura hannu a safa.

Ku lura da wannan wurin, don a nan komai yake. Garin ana kwaɓa shi ne a shafa a kan fallen tagulla siriri kamar takarda, a busar, a yanko 'yan da'irori kamar kwabo. Kowane kwabo za a ɗora shi a sikeli. Nauyin da sikeli ya nuna na gari ne haɗe da na tagulla, saboda haka sai an cire nauyin tagullar kafin a san yawan garin. Da wannan ake lissafa ko garin ya riƙe wuta da yawa ko kaɗan. A makon farko na yanko kwabban tagulla zalla na auna, na rubuta nauyin a shafin farko na littafina mai koren bango, na ja masa layi biyu. Daga nan duk abin da na auna, wannan adadin nake cirewa.

Garuruwan farko ba su yi abin kirki ba. A wata na biyu na zo kan wanda na fi sa wa rai, na ƙarfen manganis da wani mahaɗi mai ɗan tsawo. Da sakamakon ya fito a kwamfuta, farfesan da kansa ya taso daga ofishinsa ya tsaya a bayana yana kallo. Garin nawa ya riƙe wuta kusan ninki biyu na abin da muka yi tsammani. Na haɗa batir shida, duk shida haka suka nuna. Ranar nan da la'asar na kira mahaifiyarku na ce mata wahala ta ƙare.

Na dawo gida da bazara. Muka rubuta takarda da sunana a gaba, na farfesan a ƙarshe, wata babbar mujalla ta masana ta karɓa ta buga. Na sa ta a saman takardun da na miƙa na neman zama farfesa. Saboda ita ne ma aka samo wa sashenmu akwatin gilashin, ranar da aka sauke shi daga mota har masu gadi suka taru kallo. A Ringim kuwa yayana, Baffanku Sale, tuni ya fara ce mini Farfesa a gaban jama'a, in na ce ya bari tukuna sai ya ce ai saura tambari kawai.

A wannan lokacin Malama Rabi ta zo neman digirin dakta a ƙarƙashina. Mutuniyar Jahun ce, malamar kimiyya a wata sakandaren 'yan mata, tana da aure da 'ya'ya huɗu. Kwana uku a mako take shiga motar haya da sassafe ta zo Dutse, ta koma da yamma. Ba ta da yawan magana. Tana da wata ɗabi'a, kafin ta taɓa komai sai ta goge teburin duka ta jera kayanta daga hagu zuwa dama, kuma rubutunta a littafin aiki kamar an buga da inji. Na ba ta aikin farko mai sauƙi a ganina: ta sake yin garin nan nawa, ta haɗa batir a sabon akwatinmu, ta samo abin da na samo, sannan mu wuce gaba.

Ba ta samo ba. Batirinta na farko ya ba da kusan rabin nawa. Na ce danshi ne ya shiga, ta ƙara busar da garin. Ta busar, rabi dai. Na ce iskar akwatin ce ba ta da tsabta, muka sa aka kawo sabuwar tukunya daga Kano. Rabi dai. Na ce kwaɓin ne ya yi kauri. Wata bakwai muna wannan. Ta haɗa batir ya fi arba'in, kuma abin da ya kamata ya farkar da ni shi ne duk arba'in ɗin bakinsu ɗaya. Mai kuskuren hannu yau ya samu sama gobe ya samu ƙasa. Ita kullum wuri ɗaya take tsayawa. Na san wannan, na koyar da shi shekara da shekaru, amma ban yarda na kalle shi ba.

Sai ranar da ɗalibai suke gabatar da inda aikinsu ya kai a gaban malaman sashe. Ta tashi ta nuna abin da ta samu ba ƙari ba ragi. Wani abokin aikinmu ya tambaye ta me ya sa nata ya sha bamban da na malaminta da aka buga.

"Ban sani ba, Malam," in ji ta. "Na bi duk matakan da ke cikin takardar."

Na ga idanu sun juyo kaina. Da na yi shiru da ya fi. Amma na miƙe.

"Matsalar ba ta gari ba ce," na ce. "Ta hannu ce. Wannan aiki ba kowane hannu ne ke iya shi ba. Wani koyarwar sakandare ta fi dacewa da shi, kuma ba laifi ba ne."

Wasu suka yi 'yar dariya. Ita kuwa ta tattara takardunta ta zauna. Kwamitin sashe ya ba ta zuwa ƙarshen zango, in ba ta nuna ci gaba ba a sallame ta.

Bayan kwana huɗu, ranar Juma'a da hantsi, ta zo gidanmu na unguwar Takur. Ba ta taɓa zuwa ba. Mahaifiyarku ta shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida ta kawo mata ruwa, sannan ta kira ni. Rabi ta gaishe ni a durƙushe kamar ba abin da ya faru.

"Malam, alfarma na zo nema. Ka ara mini littafin da ka yi aiki da shi a can. Wataƙila akwai wani ɗan abu da ka yi wanda bai shiga takardar ba."

"Duk abin da na yi yana cikin takardar."

"To ko nauyin tagullar da ka yi amfani da ita, in gwada da tawa."

Raina ya ɓaci nan take. Na ce mata ni take so ta bincika? Na ce kafin a sa ta a firamare nake auna sinadari. Na ce ta koma ta gyara aikinta ta bar nawa. Ta ce in yi haƙuri, ta yi wa mahaifiyarku sallama ta fita. Ruwan ma ba ta sha ba.

Mahaifiyarku ta ɗauke kofin, ta naɗe tabarmar, ba ta kalle ni ba. Sai da na dawo daga masallaci muna cin abinci ta yi magana.

"Malam, matar nan ta taɓa yi maka ƙarya?"

"Wa ya ce ƙarya take yi? Ba ta iya ba ne."

"Daga Jahun ta taso ranar da ba ta da aiki a nan, ta bar yara, don ta roƙi littafi. Wanda bai iya ba ɓuya yake yi. Ni ban san aikinku ba. Amma na ga fuskarka da ta ambaci tagullar nan."

"Me kika gani?"

"Irin fuskar da kake yi in likita ya ce a auna jininka."

Washegari Asabar bayan karin kumallo na janyo akwatin da nake ajiye fasfo da takardun gida, na ciro littafin mai koren bango. Niyyata in samo abin da zan rufe bakin kowa da shi. Na bi shafi-shafi. A tsakiyar wata na biyu, kwana uku kafin in fara gwada garin manganis, na ga rubutun hannuna a gefen shafi: naɗin tagulla ya ƙare, an buɗe sabo. Shi ke nan abin da na rubuta. Ban sake auna tagulla zalla ba. A bangon baya kuma akwai wata 'yar ambulan da na zuba ragowar kwabban da ban shafa wa komai ba daga sabon naɗin, na ma manta da ita.

Na ɗauki mota na tafi jami'a. Ba kowa a sashen sai mai shara. Na kunna sikeli na jira ya daidaita, na ɗora kwabo ɗaya. Na sauke na ɗora wani. Na auna guda tara. Sabon naɗin ya fi tsohon sirantaka, kowane kwabo bai kai nauyin da na ja wa layi biyu ba. Wato na yi ta cire nauyin da ya wuce na gaskiya, sai garin ya zama kamar kaɗan ne alhali yana da yawa, wutar da ya riƙe kuma ta zama kamar abin mamaki. Na ɗauki biro na sake lissafin batir shidan nan da nauyin gaskiya. Abin da ya fito shi ne abin da Rabi take samu wata bakwai.

Na zauna a kan kujerar ɗalibai har aka kira azahar. Ba zan ce muku tunanin Rabi ne ya fara zuwa mini ba. Abin da ya fara zuwa shi ne, ba wanda ya san da ambulan ɗin nan sai ni.

Mako biyu na yi da wannan a cikina. Ina zuwa aiki ina koyarwa. Rabi ta zo sau biyu a makon farko, na gan ta ta taga hannayenta a cikin safa, na wuce ofis na rufe ƙofa. A mako na biyu ba ta zo ba. Na san in na yi shiru zango zai ƙare, a sallame ta, a ce ba ta iya ba, takardata ta zauna, kafin wani a wata ƙasa ya gano wataƙila na daɗe da zama farfesa. Irin wannan takarda da yawa ba wanda ke komawa kanta.

Ranar Lahadi na tafi Ringim wurin Baffanku Sale. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya bar makaranta ya kama lambu don ni in ci gaba. Na same shi a lambun yana ban ruwan albasa. Muka zauna a gindin mangwaro na kwashe komai na gaya masa. Ya saurara har ƙarshe yana murza ƙasa a yatsunsa.

"Da gangan ka yi?"

"A'a, Yaya."

"To kuskure ne. Wa ya sani?"

"Ni kaɗai. Sai kai yanzu."

"Batirin nan an sa wa wani a gida ya ƙone shi? An sha shi a magani?"

"A'a."

"To Isa, ka rufa wa kanka asiri. Matar nan ka nemo mata wani aikin daban mai sauƙi ta gama ta samu takardarta. Kai ka samu taka. Shekara talatin kana wannan wahala. Ni na gaya wa duk garin nan. Kana so in koma in ce musu me?"

Kada ku riƙe shi da wannan, Allah ya ji ƙansa. Ƙaunata ce ta sa shi faɗa, kuma shawarar tasa ta zauna mini sosai. Har na kamo hanyar Dutse ina tsara wane aiki zan ba ta.

Da na iso na tarar da mahaifiyarku tana tsince shinkafa, 'yar'uwarku Sadiya tana gefenta tana lissafa mata wa da wa za a gayyata walima in an tabbatar da ni farfesa. Na ce wa Sadiya ta ba mu wuri. Na gaya wa mahaifiyarku abin da na gano da abin da Yaya ya ce. Ba ta daina tsintar ba.

"In ka ba ta wani aikin, maganar da ka faɗa a gaban mutane fa? Ita ma za ka sauya ta?"

"Za a manta."

"Kai za ka manta. Malam, ni matar malamin makaranta ce tun ina da shekara ashirin, ban taɓa jin kunyar hakan ba. In ka zama farfesa a kan wannan, duk wanda ya ce mini matar farfesa sai na tuna matar nan a durƙushe a tsakar gidana. Ka yi abin da ka ga dama. Amma walima ba da hannuna ba."

Ta tashi ta kai shinkafar kicin. Iyakar abin da ta faɗa ke nan, ba ta sake tayar da maganar ba.

Ranar Litinin na rubuta wasiƙa uku. Ta farko ga farfesan da ya karɓe ni, da hoton shafin littafin da sabon lissafin. Ta biyu ga mujallar, cewa ina janye takardar, domin duk abin da ta ƙunsa a kan adadin nan ya tsaya, gyara ba zai cece ta ba. Ta uku ga hukumar jami'a, cewa a dawo mini da takardun neman ƙarin girma. Shugaban sashenmu ya karanta ta ukun sau biyu, ya cire tabarau ya ce in je in ƙara tunani zuwa gobe. Na ce na yi mako biyu ina yi. Na roƙe shi ya tara malamai da ɗalibai a ɗakin da aka yi wancan zaman. Ranar Laraba na tsaya a inda Rabi ta tsaya, na nuna musu kwabban tagullar, na ce kuskuren nawa ne, sakamakon Malama Rabi shi ne daidai, kuma maganar da na faɗa a kanta zalunci ce. Kujerarta ba kowa. Na kira wayarta kafin taron sau uku ba ta ɗauka ba.

Abin da ya biyo baya kun san wani ɓangarensa. Farfesan ya amsa mini da layi biyu, ya ce ya amince a janye, daga nan bai sake amsa wasiƙata ba. Ban ga laifinsa ba, sunansa na kai ciki. Jami'a ta kafa kwamiti kamar yadda doka ta ce, suka duba littafin suka ce kuskure ne ba ƙage ba, ba a hukunta ni ba. Amma takardun da suka rage mini ba su kai ba, kuma mujallu suka riƙa jan jiki da duk abin da na aika. Kafin in sake tara abin da ake bukata shekarun ritaya suka cim mini. Baffanku Sale ya yi wata biyar bai taka gidan nan ba. A gari kuma aka ce ba mai tona wa kansa asiri haka kawai, lallai kama shi aka yi. Da aka duba aka ga ɗalibar ta daina zuwa, sai aka ce ita ce ta kai ƙara. Na ji maganar tun tana sabuwa. Na musa ta a ofis sau ɗaya ko biyu, amma a gida da cikin dangi na bar ta, saboda in an ce an yi mini sharri ana tausaya mini, in na faɗi gaskiya kuwa sai na sake ba da labarin ranar da na miƙe a gaban mutane. Wannan laifi na biyu ne, kuma shi ba kuskuren sikeli ba ne.

Mako guda bayan taron muka tafi Jahun ni da mahaifiyarku. Ranar kasuwa ce, muka daɗe a cikin cunkoson adaidaita da masu awaki kafin wani mai shago ya nuna mana layin. Mijinta, Malam Nuhu, ma'aikacin jinya ne, shi ya fito ya tarbe mu. Ya gaishe ni da ladabi amma fuskarsa ba walwala. Ya shigar da mu falo ya kira ta. Ta fito da ƙaramar 'yarta a goye, ta durƙusa ta gaishe mu, ta zauna a ƙasa kusa da ƙofa.

Na gaya mata komai, har da mako biyun da na yi ina sane ina wuce ta a taga. Na miƙa mata littafin mai koren bango. Ta buɗe, ta je shafin da na naɗe, ta duba ta daɗe, ta koma shafin farko, ta rufe.

"Tun wata na uku na yi zaton haka ne," in ji ta. "Amma sai na ce wace ce ni."

"Malama Rabi, na zo neman gafara. Kuma kwamitin sashe ya janye wa'adin. Wurinki yana nan. Sakamakonki na gaskiya ne, za mu buga shi da sunanki a gaba."

Malam Nuhu ya gyara zama.

"Ranka ya daɗe, ranar da ta dawo daga taron nan na farko kwana biyu ba ta ci abinci ba. Wata malama a makarantarsu ƙanwar wani ɗalibinku ce. Kafin mako ya zagayo har ɗalibanta sun ji an ce ba ta iya ba."

"Zan je makarantar da kaina in faɗa."

"Ka je," in ji shi. "Ya kamata."

Rabi ta kwance goyon ta ɗora yarinyar a cinya. Ta yi magana idonta a kan yarinyar.

"Na yafe maka, Malam, duniya da lahira. Sakamakon kuma ka buga, ba sai ka tambaye ni ba. Amma ba zan dawo ba."

Na ce in ni ne ba ta son aiki da ni, zan mayar da ita wurin wani malamin, ko a Dutse ko a Kano, ni zan yi mata duk zirga-zirgar.

"Ba kai ba ne. Zuwana biyu na ƙarshe, ina zura hannu a safar nan sai ya kama rawa. Na zubar da gari sau biyu, na fasa kwalba. Wata bakwai ban taɓa zubar da komai ba. Yanzu na san lissafina daidai ne, na gani da idona. Amma jiya ina auna gishiri a gaban 'yan aji uku, hannun bai daina ba."

Mahaifiyarku ta matsa ta kama hannun nata ta riƙe. Aka kawo fura, muka sha kaɗan don kada a ce mun ƙi.

Na je makarantar tasu ranar Alhamis na faɗi abin da na yi alkawari a gaban shugabar da malamai. Takardar gaskiyar ta fito bayan shekara biyu a wata ƙaramar mujalla, sunanta a gaba. Garin nawa matsakaici ne, bai fi na wasu ba, amma yana daɗewa bai tsattsage ba, kuma na ga wasu sun ɗora aiki a kansa. Na aika mata da kwafi ta hannun direban motar Jahun, ta aiko da godiya da ƙullin gyaɗa. Na rubuta mata sau uku bayan haka ina roƙon ta dawo, na ƙarshe shekarar da zan yi ritaya. Kowane karo amsarta ɗaya, tana gaishe da Hajiya da yara.

Na yaye ɗalibai goma sha ɗaya a rayuwata, wasunsu yanzu manya ne a wuraren aikinsu, kuma ina alfahari da su. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya kai ta iya aiki. Tana nan a Jahun tana koyar da 'yan aji uku.